SANIN DOKA KAFIN LODI: INDA FALKE ZAI NEMO TA A INTANET

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan yadda ɗan kasuwar shanu zai nemo dokar ƙasa, da hukuncin kotu, da sanarwar gwamnati a cikin wayar da ke aljihunsa, kuma ya gane ta gaskiya daga ta bogi.

Dalilin ɗauko wannan magana ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ke ƙetare iyaka da dabba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. A ƙarshen Yuli 2023 aka sake rufe iyakar Nijar da Najeriya, sai Maris 2024 aka buɗe. A watan Mayu 2025 kuma, gab da Babbar Sallah, ma'aikatar kasuwanci ta Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa waje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura da takarda ya zo, kuma wanda ya ga takardar da wuri shi ne bai yi lodi ba. Mun san dabba ba buhun gero ba ce da za a jingine a sito. Tirela ta kwana uku a bakin shinge, sa ya rame, wani ya faɗi, wani a yanka shi a sayar da arha, kuɗin ciyawa da na ruwa da na mota suna ta hawa. Asarar da rashin sanin doka ke jawo mana ta fi ta ɓarayin hanya yawa, sai dai ita ba ta da amo.

DOKA HAWA-HAWA CE

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne kalmar doka da muke yi wa komai kuɗin goro da ita, a wajen masu mulki hawa-hawa ce, kuma ta ƙasa ba ta da ikon saɓa wa ta sama.

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, watau Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Cadi da Kamaru, babbar doka ita ce wadda majalisa ta yi, ana ce mata loi. Idan babu majalisa, kamar yadda ya kasance a Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shugaban ƙasa ne ke fitar da ita da sunan ordonnance. A ƙarƙashinta akwai décret, wanda ke fayyace yadda za a yi aiki da babbar doka. Sai arrêté, wanda minista ko gwamna ko magajin gari ke sa wa hannu. Can ƙasa sai sanarwa da wasiƙar umarni ga ma'aikata. A Najeriya dokar tarayya Act ake ce mata, ta jiha kuma Law, sa'annan ƙananan hukumomi suna da nasu ƙananan dokoki. Gana ma Act take cewa, kuma majalisun gundumominta suna tsayar da kuɗin kasuwa da na kara a kowace shekara.

To, mene ne amfanin sanin wannan a wajen falke? Amfaninsa shi ne mu san inda za mu duba. Babbar doka takan shekara 10 ko 20 ba a taɓa ta ba. Amma abin da ke tsayar da motarmu yau da gobe, kamar hana fita da dabbobi ko rufe kara saboda cuta, galibi a ƙananan takardun nan yake zuwa, kuma yakan fito da daddare ya fara aiki da safe. Kuɗin da ake biya a kan kowane kai kuwa, a ƙasashen Faransanci, a dokar kasafin kuɗi ta shekara ake sauya shi, wadda ake kira loi de finances, mai fara aiki 1 ga Janairu. Saboda haka wanda ya riƙe farashin bara yana gardama da ɗan duwan a watan Fabrairu, mai yiwuwa ɗan duwan ne ke da gaskiya.

KOWACE TAKARDA DA ISNADINTA

Mu da muka zauna gaban malamai mun san ba a karɓar hadisi sai an tambayi daga wa aka ji shi, shi kuma daga wa. Haka ya kamata mu yi wa duk takardar da ta faɗo mana a WhatsApp ko Facebook. Hoton takarda mai tuta da hatimi ba shi da wuyar ƙirƙira a yau, yaro ma yana iya yi a shagon kwamfuta. Wani lokacin kuma takardar ta gaskiya ce, amma ta shekara huɗu da fita, wani ya tono ta ya sake yaɗawa, farashi ya faɗi a kara a banza.

Takardar hukuma ta gaskiya tana ɗauke da lamba, da kwanan wata, da sunan ofishin da ya fitar, da sunan wanda ya sa hannu. Alal misali, dokar kiwo ta Nijar sunanta Ordonnance n° 2010-29 du 20 mai 2010. Ka ga shekara, ka ga lamba, ka ga rana. Idan ka rubuta wannan kamar yadda yake a gurbin bincike na Google, takardar kanta za ta fito. Idan kuwa ka rubuta "dokar shanu ta Nijar" kawai, surutun mutane za ka samu. Lambar doka ita ce makullinta, don haka duk jami'in da ya ce maka doka ta hana, ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗa maka lambarta, ka rubuta.

Sa'annan a duba ƙarshen adireshin shafin. Shafukan ma'aikatun Nijar suna ƙarewa da gouv.ne, na Benin da gouv.bj, na Najeriya da gov.ng, na Gana da gov.gh. Asalin inda doka ke fita shi ne jaridar hukuma, wadda ake kira Journal Officiel a ƙasashen Faransanci, Gazette a Najeriya da Gana. Abin da ke cikinta shi ne alƙali zai duba. Benin ta sauƙaƙa wa mutane, domin babban sakatariyar gwamnatinta tana ɗora dokoki da décret a shafin sgg.gouv.bj. A Kamaru fadar shugaban ƙasa tana ɗora su a prc.cm, da Faransanci da Ingilishi. A Nijar kuwa, hanya mafi sauri ta jin sabon abu ita ce sanarwar taron majalisar ministoci, wadda jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP ke bugawa.

Akwai kuma rumbu guda da muke ganin ya fi kowane amfani ga mai sana'ar dabbobi, shi ne FAOLEX, na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Rum. Kyauta ne. Za ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi fannin dabbobi, ya jero maka dokokin ƙasar tare da taƙaitaccen bayani da takardar da za ka sauke. Sau da yawa yakan nuna wace doka ce ta gyara wace. Shafin Droit-Afrique shi ma ya tara dokokin haraji da na duwan na ƙasashen Faransanci. Sai dai waɗannan masu tarawa ne, ba su ne masu yin doka ba, kuma sukan makara.

NASIHI DA MANSUHI

Nan ne mafi yawan masu bincike ke zamewa. Intanet ba ta zubar da tsohuwar takarda. Dokar da aka soke da wadda ta soke ta suna nan gefe da gefe, kuma sau da yawa tsohuwar ce ke fara fitowa, don ita aka fi buɗewa. Ɗalibin da ya san nasihi da mansuhi ba zai yi fatawa da hukuncin da aka shafe ba. Haka nan falke.

Ga misalai daga Najeriya. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988 an maye gurbinta da sabuwa a 2022. Tsohuwar dokar kwastan da ta shekara sama da 60 ana aiki da ita an soke ta da sabuwa a 2023. Amma kundin dokokin tarayya da ke yawo a shafuka da yawa na 2004 ne, ana rubuta masa LFN 2004. Duk abin da aka yi bayan wannan shekara ba ya ciki. Wanda ya buɗe kundin ya karanta dokar kwastan a can, gawa ya karanta.

Yadda ake ganewa shi ne a je ƙarshen takarda, domin a sassan ƙarshe ne sabuwar doka ke faɗin waɗanda ta soke. Da Faransanci a nemi kalmar abrogé, watau an soke, da modifié, watau an gyara. Da Ingilishi kuma repealed da amended. Bayan haka a sake rubuta lambar dokar a gurbin bincike tare da ɗaya daga cikin kalmomin nan, a ga ko wata ta zo bayanta ta taɓa ta. Minti biyar ne aikin.

TAKARDAR MAKIYAYI DABAM, TA FALKE DABAM

Yanzu bari mu zo kan dokokin ƙungiyoyin ƙasashe, inda muka fi jin gardama a tasha. Da yawa daga cikinmu sun ji labarin ƙudurin CEDEAO mai lamba A/DEC.5/10/98, wanda shugabanni suka sa wa hannu a Abuja a watan Oktoba 1998. Shi ne ya kawo takardar ƙetare iyaka da garke, mai nuna yawan dabbobi, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da inda za su. Ya ce da rana ake ƙetarewa, ta mashigar da aka ware, da makiyayi ɗaya aƙalla ga kowane shanu 50, kuma kada makiyayin ya gaza shekara 18. Wannan duka gaskiya ne. Amma wanda ya karanta ƙudurin da kansa zai tarar ya faɗa a fili cewa bai shafi dabbobin da ake kai wa wata ƙasa don sayarwa ba. Takardar mai tafiya cin rani da garkensa ce. Falken da ya ɗauko shanu daga kara zai kai Legas ko Kumasi, takardar lafiya ta likitan dabbobi da takardun duwan ake nema a wajensa, kuma nuna waccan ba zai fisshe shi ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne tsarin sassauta ciniki na CEDEAO. A ƙarƙashinsa dabbobi masu rai suna cikin kayan da ke shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da harajin shigowa ba, kuma yarjejeniyar 2003 a kan asalin kaya ta ce ba a neman takardar shaidar asali a kan amfanin gona da dabbobi. A lura fa, harajin shigowa aka ɗauke. Kuɗin duba lafiya, da na kara, da abin da ƙasar da aka fito ke karɓa, kowannensu da dokarsa dabam.

Sai babban sauyin da ya faru. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023, sun ba da sanarwar ficewa daga CEDEAO a Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan rana CEDEAO ta ba da sanarwar cewa ƙasashenta 12 da suka rage su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanen ƙasashen uku, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a kan tsarin sassauta ciniki, har sai an sake sanarwa. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce abin lura. Rangwame ne da aka yi da sanarwa, kuma sanarwa tana iya ɗauke shi. Don haka duk takardar CEDEAO da aka rubuta kafin 2025, kada ɗan Nijar ya ɗauka haka take a kansa sai ya duba sabon bayani a shafin ecowas.int da na hukumomin ƙasarsa. Ƙungiyar UEMOA ta masu kuɗin sefa kuwa dabam take, ficewar ba ta shafe ta ba, kuma tana da umarni na 2005 a kan rage shingaye a manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashenta.

Ƴan uwanmu na gabas su kuma wani gida suke. Cadi da Kamaru suna cikin CEMAC, mai ƙasashe 6, kuma hukumarta ta dabbobi da nama da kifi, CEBEVIRHA, tana Injamena. Ita ce ta kawo fasfon dabbobi tun 1994 domin shanun fatauci. Shanun da suka taso daga Masakori suka bi ta Kuseri zuwa Gamboru, ko daga Adumri zuwa Mubi, sun fita daga wata ƙungiya sun shiga wata, saboda haka rangwamen CEDEAO bai hau kansu ba.

BAYAN IYAKA AKWAI WATA IYAKA

Kuskure ne mutum ya ɗauka da ya wuce Maigatari ko Illela ko Jibiya ya gama da doka. Najeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma kowace jiha tana da majalisarta. Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, ta fara aiki 1 ga Nuwamba na shekarar, kuma ta hana kora dabbobi a ƙasa daga wani wuri zuwa wani a cikin jihar, sai dai a mota ko jirgin ƙasa. A 2022 aka gyara ta aka ƙara tara. A 2021 jihohin kudu da dama, har da Legas da Ondo, suka yi irin tasu. Wanda zai sauke shanu a hanya don su sha ruwa su huta, lallai ya san jihar da yake ciki. Irin waɗannan dokoki a shafin gwamnatin jihar ko na majalisarta ake nemansu. Na tarayya kuma ana samunsu a shafin cibiyar PLAC da ke Abuja da na NigeriaLII, jerin kayan da aka hana shigowa da su yana shafin kwastan. Tun 2024 ma Najeriya ta kafa ma'aikatar raya kiwon dabbobi ta tarayya, wadda ya kamata a riƙa bin sanarwarta.

Benin ta yi kundin dokar kiwo mai lamba 2018-20, wanda aka sa wa hannu a Afrilu 2019, kuma a Disamba na shekarar ta hana garkunan waje shigowa cin rani. Masu kora a ƙasa ta wannan ɓangare su riƙe takardun da ke nuna dabbobin na fatauci ne. A Gana dokar cututtukan dabbobi ta 1961, mai lamba 83, ita ce tushen ikon likitocin dabbobi a kan takardar izinin tafiya, kuma shafin GhaLII yana da dokoki da hukunce-hukuncen ƙasar kyauta.

A Nijar, ban da dokar kiwo ta 2010 da ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, akwai uwar dokokin karkara, Ordonnance n° 93-015 ta 2 ga Maris 1993. A kanta aka kafa kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa sama, masu riƙe da bayanin burtali da mashaya. Idan shanun kora suka yi ɓarna a gona, gaban sarki ko mai gari ake fara zuwa neman sulhu, a rubuta takarda, kafin a je gaban alƙali. Mai kora da ya san haka ba zai yarda a yanka masa tara a bakin gona ba.

BASHI DA KOTU

Sana'armu a kan amana da bashi take tafiya. Mahauci ya ɗauki sa sai ya sayar ya biya, mai masauki ya tsaya a tsakani. Mun kuma san aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dokar zamani ma a nan ta tsaya.

Ƙasashe 17, da suka haɗa da Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Togo, Burkina Faso da Mali, suna aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya ta ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa ranar 17 ga Oktoba 1993. Dokokinta suna sama da dokar kowace ƙasa a fanninsu, kuma babbar kotunta tana Abijan. Ma'ana, ƙa'idar ciniki da ke aiki a Maraɗi ita ce ke aiki a Garwa da Paraku. Najeriya da Gana ba sa ciki. Duk dokokin suna shafin ohada.org, wanda shi ne na ƙungiyar, shafin ohada.com kuma yana da tarin hukunce-hukunce.

Abubuwa biyu a ciki sun shafi aljihunmu. Na ɗaya, dokar kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta ce ƙarar da ta shafi cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa wa'adinta shekara 2 ne. Wanda ya yi ta kawaici yana cewa ai ɗan uwa ne, har wa'adi ya wuce, zai iya tarar da ƙofar kotu a rufe. Na biyu, akwai gajeriyar hanyar karɓar bashi da ake kira injonction de payer. Idan bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, mai bin bashi yana kai takardunsa wajen shugaban kotu a ba da umarnin biya ba tare da doguwar shari'a ba. A tsohuwar dokar 1998, wanda aka kai wa umarnin yana da kwana 15 ya yi jayayya. Sabuwar da aka amince da ita a Kinshasa a Oktoba 2023, ta fara aiki 16 ga Fabrairu 2024, ta mai da shi kwana 10. Wanda ya sauke tsohuwar takarda ya zauna yana ƙirga 15, kafin ya farga umarni ya zama hukunci, a zo a kama masa dukiya. Kun ga amfanin nasihi da mansuhi ke nan.

Mai son ganin yadda alƙalai suka yanke irin shari'arsa, shafin Juricaf ya tara hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashen Faransanci kyauta, AfricanLII kuma ƙofa ce zuwa na ƙasashen Ingilishi. LawPavilion na Najeriya na kuɗi ne, lauyoyi suka fi amfani da shi. A riƙa duba wace kotu ce ta yanke, domin hukuncin ƙaramar kotu mai yiwuwa an rushe shi a sama.

Kotun CEDEAO da ke Abuja kuwa, tarihinta da ɗan kasuwa ya fara. Shari'arta ta farko ta wani ɗan kasuwar Najeriya ce, Afolabi Olajide, wanda ya kai ƙarar ƙasarsa saboda rufe iyakar Benin a 2003 ya jawo masa asara. A 2004 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron mutum ɗaya. Bayan haka ne a 2005 aka gyara dokarta, aka ba mutane damar kai ƙarar gwamnati a kan tauye haƙƙin ɗan Adam. Amma a sani, gwamnatin ƙasar da ke cikin ƙungiya ake kai wa ƙara a can. Ba a kai mahaucin da ya cinye kuɗi, kuma ba ta sake duba hukuncin kotunan ƙasa a matsayin ɗaukaka ƙara.

LABARIN CUTA MA DOKA NE

Duk inda cuta ta ɓulla, takardar hani na biye da ita. A watan Yuni 2023 ciwon saifa ya ɓulla a yankin arewa maso gabashin Gana, hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi a yankin na wani lokaci, ana dab da Sallah. A watan Yuli na shekarar Najeriya ma ta tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda a da ake kira OIE, tun 2022 sunanta WOAH, da Faransanci OMSA. Tana da shafin WAHIS inda ƙasashe ke ba da rahoton ɓullar cuta irin su boru da ciwon huhu, har da taswira. Falken da ya ga rahoto a kan hanyarsa ya san hani na tafe, sai ya kira mai masaukinsa ya tabbatar kafin ya saya.

MATSALAR HARSHE DA ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wani zai ce, Alhaji, mu da ba mu yi boko ba fa? Gaskiya ne dokokin nan da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, duk da cewa kundin da Nijar ta kafa a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Google yana fassara zuwa Hausa, kuma yana isa mutum ya gane inda magana ta dosa. Amma yana tuntuɓe a kalmomin shari'a, don haka lamba da kwanan wata da adadin kuɗi a duba su a asalin takardar. Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum su ma a yi hattara da su, domin sukan ƙirƙiro dokar da babu ita. A 2023 wata kotu a birnin Niyok na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da irin wannan manhaja ta ƙaga musu. Idan lauya ya faɗa wannan rami, ina ga falke?

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce kowane reshe ya ware yaro ɗaya ko biyu daga cikin ƴaƴanmu da suka yi karatu, a ɗora musu duba shafukan nan kowane mako, musamman daga watan Shawwal zuwa Babbar Sallah da kuma farkon Janairu. Abin da suka samu a buga shi a takarda, a rubuta ranar da aka sauke a kai, a ajiye kwafi a ofis, a ba kowane direba kwafi, tunda ba ko'ina ake samun layin waya ba. Kafin a tura wa jama'a wata sanarwa, sakatare ya leƙa ofishin duwan ko na likitan dabbobi ya tabbatar. Idan magana ta kai ga kotu ko an kama mota, a nemi lauya na ƙasar da abin ya faru, a miƙa masa takardun da aka tara. Aikinsa zai yi sauƙi, kuɗinsa ma haka.

Kuma ƴan uwa, kada sanin doka ya sa mu ɗaga wa jami'i murya a bakin shinge. A gaishe shi, a nuna takarda, a nemi rasit a kan duk abin da aka biya. Idan ya ƙi, a rubuta wuri da rana da adadi a kawo wa ƙungiya, domin shugabanni ba sa iya zuwa gaban gwamna ko darakta da "an ce". Da takarda mai lamba ake zuwa.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da ta mutane da ke hannunmu, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a cikin nema.